Ɗiyar Uda Ba 'Yar Gidanmu Ba Ce

Litinin 1 ga Yuli, bayan la'asar

Sakamakon jinin Uda Man ya dawo daga Jakarta. Ni na raka shi asibiti a Padang, don matarsa Uni Nel ba ta iya doguwar mota, tun daga kwanar farko take fara amai. Wata biyu ke nan da aka yanke wa yayan nawa kusan kamu guda na babban hanji, ciwon daji, yana da shekara hamsin da uku. Yanzu yana takawa da ƙafarsa, har ya fara mitar abinci ba gishiri, ka san sauƙi ya samu.

Likitar 'yar Jawa ce, Dokta Retno, 'yar firit da ita, magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ciwon nan ba haka kawai ya faɗo masa ba. Akwai wani abu a ƙwayoyin halittarsa da aka haife shi da shi, gado ne daga uwa ko uba, shi ke sa hanji ya riƙa fitar da mugun tsiro tun mutum bai tsufa ba. Ta tambayi abin da ya kashe iyayenmu. Na ce babanmu ya haura tamanin, santsi ne ya kwashe shi a bakin rijiya. Amak, mahaifiyarmu, ita kuwa ciwon ciki, tana da arba'in da takwas. Ƙaninta ma ciwon ciki. A lokacin sammu aka ce.

Ta ce a kawo 'yan uwa a gwada jininsu. Wanda aka samu da shi za a riƙa leƙa hanjinsa da tiyo mai kyamara duk shekara ɗaya ko biyu, in an ga tsiro a cire tun bai zama komai ba. Daga nan ta ce in ɗan ba su wuri. Da ya fito fuskarsa ba ta yi mini ba. Na ce me ta ce? Ya ce, "Maganar bayan gida ce, Imar, kina son ji?"

Muka kamo hanyar gida har garin Padang Panjang. Can ya ce in sayo masa ayaba.

Laraba 3 ga Yuli, da hantsi

Jiya bayan magariba Uda ya tara mu a babban gida. Ya zauna inda kawu, shugaban gida a wajenmu, ke zama, ya jingina da ginshiƙi, ya yi bayani tas kamar yana auna wa mutum yadi a shagonsa. Bai rufe baki ba ƙanwarmu Asnidar ta cafe.

"Ai na faɗa! Randang ɗin nan ne, nama da madarar kwakwa. Uni Imar, shekara talatin kina ɗura mana mai."

Na ce, "Ke da kike zuwa da kwanonki tun randang ɗin bai yi baƙi ba? An ce miki a jini yake, ba a tukunyata ba."

Uda ya ce duk wanda ya fito daga cikin gidan nan zai je Padang, shi ne kawu, kuma ba shawara yake nema ba. Hendri, babban ɗan Asnidar, ya ce to ta ina ake leƙawar? Uda ya ce ta inda kake tsammani. Aka kwashe da dariya, har shi, yana dafe da cikinsa.

Asnidar na da 'ya'ya biyar da jikoki. Ni ba ni da wanda zan kai sai kaina, tun da Allah bai ba ni ba har maigidana ya rasu.

Talata 9 ga Yuli, bayan magariba

Mu tara muka cika ƙaramar bas ɗin Hendri: ni, Asnidar, 'ya'yanta biyar, da jikoki biyu na wajen 'yarta. Har da ƙunshin shinkafa da kifi, sai ka ce masu zuwa biki.

Dokta Retno ta buɗe ƙofa ta gan mu reras a kan benci, ta rufe baki da hannu. Ta ce ai ba da yara ake farawa ba. Ni da Asnidar za a fara ɗiba. In Asnidar ba ta da shi, 'ya'yanta sun fita ke nan, ba sai an soka musu allura ba. Sai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce 'yar mara lafiyar? Ita na fi son gani."

Asnidar ta ce, "Desmira? Ai ita ba 'yar gidanmu ba ce."

"Ba 'yarsa ba ce?"

"'Yarsa ce mana, kamar an tsaga kara. Amma mu 'yan Koto ne, ita Caniago ce, dangin uwarta. A nan ɗa na uwa ne, Dokta. Gida, gona, suna, duk ta ɗakin mace suke bi. Ke baƙuwa ce shi ya sa." A hankali ta jero mata, yadda ake koya wa yaro alwala.

Likita ta ajiye biro. Ta ce, "Gona ta bi duk inda kuke so. Wannan bai san Koto ba, bai san Caniago ba. Duk ɗan da mai abin ya haifa, uwa ce ke da shi ko uba, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Shekarunta nawa?"

Na ce ashirin da takwas.

"Da tuni ya kamata a fara leƙa ta. Na faɗa wa yayanku ran nan."

Wallahi ni ma da nake ƙirga kawuna a bas ban sa ta a ciki ba. Yarinyar da na goya, na yi mata kitso, duk hutun makaranta a ɗakina take kwana, in uwarta ta zane ta nan take gudowa. Ina son ta kamar raina, amma da aka ce 'yan gida, ko faɗo mini a rai ba ta yi ba.

An ɗibi jininmu mu biyu. Sauran suka cinye shinkafar a bakin teku.

Alhamis 11 ga Yuli, bayan azahar

Na je gidan Uni Nel. Tana can baya tana shanyar kanumfari, Uda na zaune a baranda.

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Na sani."

"Shi ne ka loda mu a bas har da jarirai, ka bar wadda ake nema?"

"Rage murya, Imar, a gidan mutane muke."

A wajenmu miji ke tarewa gidan matarsa. Shekara talatin yana kwana a gidan nan, har yau gidan mutane ne. Na rage. Na ce Desmira fa? Ya amsa yana kallon kaji.

"Ranar da dangin Nel suka zo ɗaukata ba ni da komai, kin sani, shagon ma na haya ne. Cewa suka yi gidanmu gidan asali ne, iri mai kyau. Ɗakin da nake kwana nata ne. Gonar tata. Yarinyar sunan danginsu take amsawa. Abu ɗaya tak aka ɗauko ni in kawo gidan nan. Yanzu in tashi in ce musu shi ma ruɓaɓɓe ne?"

Na ce ai ba dangin Uni Nel aka ce ka tara ba, 'yarka za ka kira a waya.

"Goyo take, yaron ko shekara bai yi ba. Bari ta yaye shi. Rabi da rabi aka ce, ƙila ma ba ta ɗauka ba. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa mata maganar jinina ba."

Na yi tsaki. Ya ce alkawari, Imar. Na ce to. Tun da Amak ta rasu shi ne uwa shi ne uba, ban taɓa ƙetare maganarsa ba, bakina ne ya faɗi to ɗin kafin in ankara.

Juma'a 12 ga Yuli, da safe

Ban kira ta ba.

Lahadi 14 ga Yuli, bayan la'asar

Ita ta kira, daga Pekanbaru, kiran da ake ganin juna. Ta ɗago mini ɗanta Fadlan, ya fitar da haƙora biyu, sai miyau yake zubarwa a kan wayar. Ta ce 'yan ajinta sun kusa haukata ta, yara arba'in, ba wanda ya iya zama. Ta kira ni Etek, wato gwaggo, ta ce, "Kin manta da ni ko? Rabona da randang ɗinki tun sallah. Na nan ruwa-ruwa ne, mutanen nan ba su da haƙurin juyawa."

Na ce kin rame. Ta ce shayarwa ce, yaron nan ba ya ƙoshi.

Har za mu yi sallama ta yi ƙasa da murya, don mijinta na kusa. Wai wane ganye ne ake dafawa na basir, tun da ta haihu yake damun ta, wani lokaci har da jini.

Uda ma shekara guda cur ya yi yana shan ganyen basir.

Na faɗa mata sunan ganyen. Na ce amma ki je asibiti. Ta ce to Etek, in an yi hutu.

Laraba 17 ga Yuli, da yamma

Girkin biki a gidan liman, rabin saniya. Uni Nel ce a gefena tana kankare kwakwa. Ta tambayi tafiyarmu Padang, na ce lafiya lau, jira muke. Ta ce, "Uda ya faɗa mini ciwon na gidanku ne, tun daga kan Amak. Allah ya yaye muku, Imar. Kullum kuna cikin addu'ata."

Muku. Da zuciya ɗaya ta faɗa, har da dafa mini gwiwa. Na ce amin.

Na bar kasko ɗaya ya kama. Matar liman ta leƙo ta ce, "Yusnimar ce ta ƙona nama? To duniya ta zo ƙarshe." Na kankare, na ƙara madara, ba wanda ya gane a wajen ci.

Ban kira ta ba.

Juma'a 19 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na tare Uda a hanya na faɗa masa maganar jinin da take gani. Ya tsaya cak. Can ya ce wace mai jego ce ba ta basir? Na ce haka ka ce a kan naka, kai ma jegon kake? Ya ce kar in yi masa rashin kunya a titi. Ya wuce, ya bar ni tsaye.

Asabar 20 ga Yuli, da asuba

Ruwa aka kwana ana yi. Ban kira ta ba.

Laraba 24 ga Yuli, da rana

Na aika mata da randang ta motar Pekanbaru. Na sa ganyen a ciki, Allah ya yafe mini. Ta turo hoton Fadlan yana lasar cokali.

Talata 30 ga Yuli, bayan magariba

Sakamako ya fito. Asnidar ba ta da shi, 'ya'yanta da jikokinta duk sun kuɓuta. Nan take ta faɗi ta yi sujada a tsakiyar asibiti, ma'aikata na ratse ta. Hendri ya ce yau sai an ci tsire, shi zai saya. Na yi murna, Allah ya sani na yi. Gidanmu ta kan 'ya'yanta mata zai ci gaba, su kaɗai muke da su.

Ni za a leƙa ni ranar takwas ga wata mai kamawa.

Laraba 31 ga Yuli, da hantsi

Ina da shi. Ga shi nan na rubuta.

Asnidar ta zo da sassafe da kunun shinkafa, tana ta kuka wai ta ji kunyar sujadar da ta yi a gabana. Na ce ke dalla share hawayenki, ai gara ni, a kaina zai tsaya. Ta ce ba za ta ƙara cewa komai a kan girkina ba. Na ce ƙarya kike, kuma kunun nan ya yi ruwa.

Tsoro nake ji. Shekaruna sun wuce na Amak da biyu.

Juma'a 2 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana biyu ina juya abin. Alkawarin da na yi a kan jininsa ne. Wannan kuwa nawa ne, a jikina yake, ba wanda zai hana ni faɗa wa wanda na ga dama. Na san wayo ne irin na yara, amma shi na samu.

Ban so in yi a ɓoye ba, sai na je shagonsa, ya fara ɗan zama da rana. Na ce, "Uda, ba izini na zo nema ba. Zan kira Desmira ta raka ni asibiti, kuma zan faɗa mata abin da ke damuna."

"Ai duk ɗaya ne. Malamar makaranta ce, ba jaka ba."

"Na sani."

"In kika yi, ba ni ba ke."

Na ce to ai ko ba kai ba ni, jininmu dai ɗaya, likita ma ta shaida. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki almakashi ya hau yanka yadin da ba wanda ya saya. Na fito na zauna a gaban mai sayar da kofi na huta.

Asabar 3 ga Agusta, da safe

Na kira ta. Na ce za a yi mini wani ɗan bincike ranar Alhamis, ki zo ki raka ni. Ta ce Etek Idar fa, wato Asnidar? Na ce ke nake so. Ta ce za ta nemi izini a makaranta.

Laraba 7 ga Agusta, bayan la'asar

Muna Padang, a ɗakin da muka kama kusa da asibiti, ni da ita da Fadlan. A ido ta fi ramewa, wuyanta duk ƙashi.

Tun azahar nake shan ruwan wankin hanjin da suka ba ni. Kai, wannan abu! Gishiri-gishiri, yauƙi-yauƙi, kuma jarka guda. Desmira na riƙe da kofi tana yi mini irin ta 'yan aji, "Saura kaɗan, Etek, yarinyar kirki, shanye." Na ce zan ci ƙaniyarki in na fito. Ban ƙarasa ba na ruga banɗaki.

Tsakanin wannan zuwa da wancan na faɗa mata. Na ce an samu wani abu a jinina da ke kawo ciwon dajin hanji, na gado ne, daga wajen kakarki. Ban ambaci kowa ba.

Ta ajiye kofin. "Shi ne na Apak."

Babanta take nufi. Ta ci gaba.

"In kina da shi, yana da shi, to ni fa?"

Na ce rabi da rabi.

"Tun yaushe ya sani?"

Na ce ki tambaye shi.

"Ke fa, Etek? Ranar da na tambaye ki ganye, kin sani?"

Na ce na sani.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ɗauki Fadlan ta fita baranda, ta juya mini baya tana jijjiga shi alhali ba kuka yake ba. Cikina ya sake murɗawa, dole na bar ta a nan. Da na fito ta dawo, ta cika kofin ta miƙo mini. Ta ce, "Shanye. Gobe ki nuna mini likitar."

Alhamis 8 ga Agusta, da yamma

An leƙa. Ban ji komai ba, barci suka sa ni. Tsiro biyu ƙanana, kamar ƙwayar wake, an cire a take. Sai baɗi kuma.

Desmira ta shiga wajen Dokta Retno ita kaɗai. An ɗibi jininta, amma likita ta ce tun da tana ganin jini ba za a jira Jakarta ba. Litinin za a leƙa ta.

Asabar 10 ga Agusta, da hantsi

Uni Nel ta zo babban gida ko sallama babu, mayafi a hannu. Tun da nake da ita ban taɓa jin muryarta a sama ba sai yau.

"Wata guda, Imar! Wata guda kuna zaune a kan wannan, ke da yayanki! Ina gefenki ina kankare kwakwa, ina yi muku addu'a kamar sakarya, kina cewa amin!"

Na ce tsoro ya ji, kar danginki su ce ya kawo muku mugun iri.

"Iri? Shinkafa ce? Ina ruwana da iri, ɗiyata ce! Ita kaɗai gare ni!"

Ta zube a bakin matakala ta fashe da kuka. Na zauna kusa da ita, ta ture ni, daga baya ta kama zanena ta riƙe gam. Ta ce ita ma da aka ce na gado ne abin ya ɗan taɓa mata zuciya, sai ta ce ai Desmira tamu ce, ta kore shi.

Uda ya kwashe kayansa ya koma kwana a ƙaramin masallacinmu na Koto, yadda samari ke yi a wajenmu. Ba korar sa aka yi ba. Asnidar ke kai masa abinci, ni in na doso sai ya tada sallah.

Litinin 12 ga Agusta, bayan azahar

Ba basir ba ne.

Talata 13 ga Agusta, da safe

Likita ta ce tsiron ya fi ƙarfin a cire ta tiyo. Sun gutsuri kaɗan za a duba, an kuma ɗauki hoton cikinta. Mijinta ya iso jiya da yamma, yaron kirki, sai sintiri yake yana tambayar kowa ko yana son shayi.

An ce a fara saba wa Fadlan da kwalba. Ya ƙi, ya yi ta tsala ihu. Ni ya yarda da ni a ƙarshe, da na ɗiga masa a cokali.

Asabar 17 ga Agusta, da rana

Ranar 'yancin kai, gari duk tutoci, yara na tseren buhu a filin makaranta. An kawo mini aikin biki biyu na ce ba na iyawa. Desmira na gidan uwarta. Ba ta tambayi babanta ba, shi ma bai je ba. Tsakaninsu ba nisa, daga masallacin ana hango rufin gidan.

Litinin 19 ga Agusta, bayan la'asar

Daji ne. Bai yi girma ba, kuma hoto bai nuna ya je ko'ina ba. Likita ta ce tana da kyakkyawan zato, amma sai an buɗe za a tabbatar. Alhamis za a yi tiyatar.

Na tsaya bayan kowa ya fita na tambaye ta ko watan da muka ɓata ya ƙara wani abu. Ta ce ba ta tsammani, wata ɗaya ba ya cika canza irin wannan. Ban tambaye ta abin da jiran shekara ɗaya zai yi ba. Sai ta yaye shi, in ji Uda, ni kuma na ce to.

Da muka dawo na je masallacin. Yana ganina ya miƙe zai tada sallah. Na ce ba lokacin kowace sallah ba ne, Uda, zauna. Na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa masa duk abin da likita ta ce. Bai juyo ba. Na ga ƙeyarsa kawai, da kafaɗunsa. Na ce Laraba za a kwantar da ita, ɗaki na hawa na biyu, motar Hendri za ta tashi da safe. Na juya na tafi.

Laraba 21 ga Agusta, bayan magariba

Bai shiga motar Hendri ba. Muka tafi, har da Uni Nel, tana ta amai a hanya.

An ba Desmira gado a jikin taga. Dangin Uni Nel sun cika ɗakin, yayunta maza biyu da wata innarsu, kowa na ba da labarin wanda aka yi wa tiyata ya tashi garau. Desmira na ta murmushi tana cewa in sha Allah. Hannunta kuwa sai murza bakin zanen gado yake.

La'asar sakaliya sai ga shi a bakin ƙofa, hula a hannu. Bas ɗin haya ya hau shi kaɗai, da cikin nan nasa. Uni Nel ta kau da kai.

Desmira ta ce, "Apak, ka tare wa masu jinya hanya."

Ya shigo. Ya ce, "Mira, ni ne na..." sai ta katse shi.

Ta ce, "Na sani. Ba yanzu ba. Zauna nan." Ta matsa masa a bakin gadon. "Duk ɗakin nan kai kaɗai ka san abin da za a yi mini gobe. Kowa sai ce mini yake ba komai. Faɗa mini, kuma kar ka rage ko ɗaya."

Ya kalli surukansa, ya kalle ta. Sai ya kama bakin rigarsa ya ɗaga, a gaban yayun matarsa da innarsu, mutumin da ko hula ba ya cirewa a gabansu. Ya nuna mata ɗinkin tun daga saman cibiya har ƙasa.

Ya ce za ki farka da tiyo a hanci, kar ki fizge. Za ki ji ƙishirwa kamar ki mutu, ba za su ba ki ruwa ba, ki ce a jiƙa auduga a shafa miki a leɓe. Washegari za su ce ki tashi ki taka, za ki zage su a zuci, amma ki taka. Daga nan kowa zai zuba ido yana jiran ki yi tusa, ranar da kika yi har barka za a yi miki. Innar ta ce subhanallahi. Desmira ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce in tari ya zo, ki rungume filo a ciki tukuna. Ya ɗauko filon ya nuna mata yadda ake riƙewa, ya sa ta gwada, ya gyara mata hannu.

Ta ce, "Da zafi?"

Ya ce, "Da zafi, Mira. Da zafi ƙwarai."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To ka zo da wuri gobe."

Ya ce ba inda za shi, a bencin bakin ƙofa zai kwana. Uni Nel ba ta dube shi ba, amma ta zaro zane ɗaya daga jakarta ta ajiye masa a kan kujera.

Fadlan na bayana, ya yi barci. Ƙarfe bakwai za a shiga da ita.